Amsa Biyu a Kan Kabarin Babana

Abu na farko da aikin soja ya koya mini, tun kafin riƙon bindiga, shi ne kada in kuskura in ce wa hafsa ban sani ba. In an tambaye ka, ka ƙame ka ba da amsa, ko kana da ita ko ba ka da ita, daga baya a nemi gaskiya. Da wannan hali na tafi ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, da shi na dawo Zuru da igiya biyu a hannun riga. Shi ne kuma, tare da ɗan Turancin da na tsinta a bariki, ya sa aka ɗauke ni tafinta a ofishin En'e. Kowa Kofur yake ce mini. Ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin, kuma aikin nan shi ne tuwonmu, shi ne miyarmu.

A cikin shekarun hamsin wasu irin Turawa suka fara zuwa mana. Ba haraji ya kawo su ba, ba wa'azi ba, ba sayen gyaɗa ba. Tambaya kawai suke yi, har muka sa musu suna Turawan tambaya. Wai a ƙasashensu akwai manyan makarantu inda mutum zai zauna shekara da shekaru yana karatun mu, mu baƙaƙen fata, a ba shi takarda a kai, har ya ci abinci da ita. Da na fara jin haka dariya na yi. Ban daɗe ina dariyar ba, domin duk wanda ya sauka a gidan baƙi ni ake haɗa shi da shi.

Na farko mutumin Ingila ne, dogo, mai shan lofe. Gwamnatinsu ce ta biya masa kuɗin jirgi, shi ya sa tambayoyinsa duk suna da warin ofis: wa ke gadon gona, wa ke raba faɗa, wa ke gaba da wa. Ya yi mako biyu a kan golmo kaɗai, wato noman da saurayi kan yi wa surukansa shekaru kafin a ba shi mata. Ya ce mini su a can sun yarda cewa duk al'adar da ka gani tana da aikin da take yi wa jama'a, aikinsa shi ne ya gano aikin. Rahotonsa kuwa kofi biyu ne, ɗaya makarantarsu, ɗaya kabad ɗin Di'o. Wannan na biyun ne ya hana ni barci daga baya.

Wata rana muna hawan tudun ƙauyenmu ya hangi maƙabarta, ya tsaya cak. Mu a wurinmu in babban mutum ya rasu, gwanin noma ko maharbi ko ɗan kokawa, akan ɗora masa mutum-mutumin yumɓu a kan kabari. Na babana yana nan, don shi ya yi zamaninsa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Fuskar mutum-mutumin tana kallon sama, bakinsa a buɗe. Baturen ya zagaya shi sau uku, ya tambayi wanda ya gina. Da alfahari na ce mahaifiyata ce. Da na sani da na yi shiru.

Inna maginiya ce, amma ba ta tukwanen miya kaɗai ba. A duk yankinmu gidansu ne ke gina na kabari, uwa ta koya wa 'ya, kuma ba a koya wa namiji. Ni da na fito daga cikinta ban taɓa ganin ramin da take ɗibar yumɓun ba. Ba ta jin Hausa sai ta gaisuwa, ba ta shiga coci ba ko da na shiga, kuma ba ta taɓa yi mini gori a kai ba. Mace ce mai ƙarancin magana. In ta dube ka, kai da kanka za ka tuna laifinka.

Muka same ta a gindin ɗorawa tana cuɗa yumɓu. Baturen ya zauna a kan turmi, ya buɗe littafi, ya ce in tambaye ta dalilin da ya sa bakin yake buɗe, fuskar kuma take kallon sama. Na tambaye ta da yarenmu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wannan ba maganar maza ba ce, balle baƙo. Ka ce masa ya sha ruwa, rana ta yi zafi."

Na juya na ga alƙalami a tsaye yana jira. Nan sojan da ke cikina ya ƙame. Na ce, "Tsohuwa ta ce mamacin yana kiran sunan magajinsa ne, don kowa ya san wanda zai ci gonar." Na san abin da yake so na ba shi. Ya cire lofen daga baki, idonsa ya yi haske, ya rubuta shafi guda cur. Inna ta ga maganarta ta yi tsawo a bakina, ta ɗan dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Bayan tafiyarsa wani Ba'amurke ya ratso, da mota tasa ta kansa da kyamara biyu. Ya ce su a ƙasarsu sai bayan yaƙi aka farga da mu, amma da aka farga sai masu arziki suka zuba kuɗi. Takardu ya zo da su bugaggu, kowace tambaya da ɗan akwatinta. Mutum nawa a gida, akuya nawa, i ko a'a. Shi bai sa ni ƙarya ba, don bai tambayi dalilin komai ba, kwana tara ya yi ya wuce Bena. Na Faransa kuwa ban gan su da idona ba. Wani abokina falke mai zuwa ƙetaren iyaka ya ba ni labari cewa su sai su tsare tsoho guda wata da watanni suna neman asirin yadda aka halicci duniya, in za su tafi kuma su cika akwatuna da kayan tsafi su kai gidan ajiyar kayan tarihi na babban birninsu. Tun daga ranar duk baƙon da ya kalli kabarin babana sai in matsa kusa ina lura da hannunsa.

Da shekara ta zagayo sai ga Bajamushe. Tsoho ne gajere mai sanƙo, da akwatin ɗaukar magana mai nauyin buhun dawa. Ya ba ni mamaki, domin ya gaishe ni da Hausa, irin ta littafi, wadda ya koya a ƙasarsu bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya ce tun kafin a haife shi ake koyar da harsunanmu a makarantunsu. An ƙwace musu ƙasashen da suka mallaka tun yaƙin farko, ba su da haraji ko kotu da za su damu da su, sai suka riƙe kalmomi. Shi ba ruwansa da wa ke gadon wa. Yadda muke cewa wuta, ruwa, haƙori yake so, kuma ta nan wai zai gano inda kakanninmu suka fito. Kalma guda sai ya sa ka maimaita ta sau goma, har ka fara shakkar ko yarenka ne.

Shi ma ya ga kabarin, shi ma ya nemi a kai shi wurin Inna, shi ma ya yi tambayar nan. Amsar Inna ba ta canza ba, sai dai wannan karon ko ruwan ba ta ambata ba. Akwatin yana gidan baƙi a ranar, batirinsa ya mutu, littafi kawai ya riƙo. Na duba na ga maganar magaji ba za ta ƙosar da wannan ba. Sai na ce, "Tsohuwa ta ce yana duban hanyar da kakanninmu suka biyo daga gabas ne, yana rera waƙar tafiya." Har na ƙara masa da baiti biyu daga waƙar da Inna kan yi in tana niƙa. Tsohon nan ya kusa yin hawaye don murna, ya kama hannuna da hannu biyu.

Za a ce me ya sa ban maimaita ƙaryar farko ba, ko ba komai ta zama guda. Ga lissafina, kuma a lokacin na ɗauka lissafi ne mai kyau. Shekara huɗu ana gaya mana a bariki cewa Jamus ce uwar abokan gaba. Na ga hafsoshinmu na Ingila suna tofar da yawu in an ambace ta. Ta yaya mutumin Ingila da Bajamushe za su zauna inuwa guda, balle su buɗe wa juna littafi? A ganina abin da na gaya wa wannan ya tafi gabas, na wancan ya tafi yamma, har abada ba za su gamu ba.

Da kaka ta wuce, wata safiya magatakardan ofis, wani dattijo Bakabe mai son tsokana, ya kira ni yana kaɗa wata takarda.

"Kofur, taho ka ji. Baƙinka na nan tahe, su biyu. Wanga mai lofe da wancan mai akwatin magana. Mota guda za su shigo."

Na ce, "Mota guda? Ranka ya daɗe, ka karanta daidai kuwa?"

"Yo ni da aikina? Wai can wurin wani taron masana sunka haɗu, kowa ya karanta tashi takarda, sai magana ta saɓa bisa wata tukunyar kabari. Tsohuwa guda, magana biyu. Shi ne za su taho su ji daga bakinta. Sun ce a nemo musu wani tafinta daban, malamin makarantar mishan, don kai ɗanta ne." Ya leƙo fuskata ta saman tabarau. "Mi ya same ka? Yaƙi ya ƙare tun yaushe, kai kaɗai ne ba a hwaɗa ma ba?"

Mako uku takardar ta ba ni, kuma ban taɓa yin mako uku masu tsawonsu ba, har a dajin Bama. Abinci ya daina shiga. In Di'o ya buɗe kabad sai in kau da kai, don na san ƙaryata tana ciki, an buga ta da keken rubutu, da sunan gwamnati a kanta. Tafintan da aka kama da ƙarya sau ɗaya ya gama aiki, kuma ba a nan kaɗai ba, har Kwantagora labari zai kai. Na yi tunanin in kwanta ciwo. Na yi tunanin in kai Inna garin Danko wurin ƙanwarta in ce ta yi tafiya. Na je har ƙofar malamin mishan da niyyar in roƙe shi ya gyara magana, na same shi yana koya wa yara dokoki goma, na gaishe shi na juyo. Matata ta tambaye ni ko an yi mini sammu ne, na daka mata tsawa, abin da ban saba ba.

Saura kwana biyu na hau tudu. Na tarar da Inna da ƙanwata, autarmu, suna tsince tsakuwa daga wani yumɓu baƙi da ban taɓa ganin irinsa a gidan ba. Damina ta tsaga mutum-mutumin babana daga wuya zuwa kafaɗa, kuma a ranin nan za a gina sabo. Ƙanwata ta raɗa mini da murna cewa wannan karon da ita za a yi, Inna ta ce lokaci ya yi da za ta ji asirin da uwa ke koya wa 'ya. Na ce ta ba mu wuri.

Na durƙusa na faɗa wa Inna komai, ƙaryar magaji, ƙaryar gabas, har waƙar niƙan da na sata. Na ce duka da sunanta na yi. Na jira faɗa, don da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta daɗe tana murza yumɓu tsakanin yatsunta.

"Aikin nan naka," ta ce, "shi ke ciyar da jikokina?"

Na ce shi ne.

"In sun gane, za su kore ka?"

Na ce za su kore ni.

Ta ce, "To. Tashi ka tafi, kana tare mini haske."

Na sauko ban san matsayina ba. Inna ba ta taɓa yin ƙarya a gabana ba, ko irin ta lallashin yaro. In ta faɗi gaskiya na mutu. In ta yi shiru, shirun ma amsa ne.

Ranar suka zo da hantsi. Na ga abin da ban taɓa zaton gani ba: mai lofe yana riƙe wa Bajamushe hannu a kan duwatsu, suna dariya. Aka ɗauko akwatin, wannan karon da sabon batir. Malamin mishan ya zauna kusa da Inna, ni kuwa aka ce in koma gefe. Na tsaya a jikin rumbu.

Mutumin Ingila ya fara. Ya karanto maganar magaji, malamin ya juya ta da yarenmu kalma bayan kalma, bai rage ba bai ƙara ba. Da na ji ƙaryata da harshen uwata, kunya ta kusa kashe ni. Aka tambaye ta ko ita ta faɗi haka.

Inna ba ta dube ni ba. Wajen maƙabarta ta duba, sannan ta ce, "Ni na faɗa."

Bajamushe ya gyara zama, ya karanto tasa, har da baitocin waƙar. Aka tambaye ta.

"Ita ma ni na faɗa."

Suka dubi juna. Mai lofe ya ce a tambaye ta wacce ce gaskiya a ciki. Ta ce, "Kowa abin da ya zo nema na ba shi. Na tsufa, kuma na gaji. A kashe abin nan."

Na ɗauka za su yi fushi. Ina! Murna suka yi, kowa ya ga an gaskata shi. Suka koma gindin ɗorawa suka yi ta gardama har rana ta karkata. Bajamushe ya ce tasa ce tsohuwar ma'ana, ta magaji daga baya ta hau kanta. Na Ingila ya ce ba ruwan kowa da tsohuwar ma'ana, abin da al'ada ke yi wa masu rai a yau shi ne magana. Wannan ya ce mutanen wancan ba su san tarihi ba, wancan ya ce mutanen wannan mafarki suke yi da littafi a hannu. Suka haɗu suka yi wa Faransawa da Amurkawa dariya. Babu wanda ya sake duban tsohuwar da suka haye teku dominta. Da za su tafi, mai lofe ya dafa kafaɗata ya ce in yafe musu da suka yi shakkar aikina, zai rubuta wa Di'o cewa ba a samun tafinta kamata.

Na raka su mota, na dawo da gudu kamar yaro, zuciyata fes. Na zube gaban Inna ina godiya. Ta bar ni na gama.

"A gidanmu," ta ce, "macen da ta yi ƙarya a kan matattu ba ta sake gina musu komai. Ba ta kuma koya wa wata. Ka san haka?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

"Na san ba ka sani ba. Ba maganar maza ba ce."

Na ce ai ba wanda ya sani sai ni da ita, malamin ma bai gane ba. Ta dube ni irin duban nan nata, ta nuna maƙabarta da haɓa. Na yi kuka a ranar, ni da ban yi ba lokacin da aka binne abokaina a Bama. Na ce zan bi Turawan in faɗi gaskiya, a kore ni. Ta ce ko na bi su maganar ta riga ta fita daga bakinta, kuma ba ta yi don in mayar da jikokinta ga yunwa ba.

Yumɓun nan baƙi ba ta zubar da shi ba, Inna ba ta ɓarna. Randa ta gina da shi, babba, ta gasa ta, ta sa aka kawo mini gida. Ƙanwata ta yi shekara ba ta yi mini magana ba, kuma da gaskiyarta. Mutum-mutumin babana ya ƙara damina biyu, kansa ya faɗi, aka jingina shi, daga baya sauran ya ruguje. Inna ta rayu shekara shida bayan haka tana gina tukwanen miya da tulu. Ni kuwa aka ƙara mini girma a ofis.

Shekarun baya jikata, 'yar babban ɗana, ta zo hutu daga jami'a. Yanzu mu ma muna da namu masu karatun mu, kuma ita tana cikinsu. Ta ce malamansu sun ce a daina dogara da abin da baƙi suka rubuta, kowa ya koma gida ya tambayi tsofaffinsa. Ta fito da takardu biyu da ta kwafo daga ɗakin karatu, ɗaya da Turanci, ɗaya an fassaro mata daga Jamusanci. Ta karanta mini maganar magaji. Ta karanta mini maganar gabas, da waƙar niƙan Inna, an rubuta a ƙarƙashinta cewa tsohuwar waƙar hijira ce.

"Kaka, kai ne ɗanta. Wanne ne daidai? Me ya sa bakin yake buɗe?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta yi dariya. "Kai, ku tsofaffi da ɓoye abu! To zan rubuta cewa ka ƙi faɗa." Ta rubuta kuwa, ina kallo. Sannan ta tashi ta ɗauki moɗa, ta buɗe randar nan ta Inna da ke bayan ƙofa, ta sha ta ƙara, ta ce ita dai ba ta taɓa shan ruwa mai sanyi irin na randar nan ba.